Takardar Da Ruwa Bai Ci Ba

Shafi na 14

Takardar da aka ce ruwan madatsar Bakolori ya tafi da ita shekara shida da suka wuce ta fito ranar Talata, a bushe, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Taiba ce ta kawo ta, ba tare da ta san abin da ta ɗauko ba. Ranar kasuwar Mafara ce, cikin watan Maris na 1984, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Sallau ya dawo ke nan daga Birnin Tudu, inda ya shekara biyar yana buɗe ƙofar ruwa da asuba, ya rufe da hantsi, sauran yinin ya zauna yana kallon ruwa yana wucewa gonakin wasu. Ranar Talata manoma kasuwa suke tafiya, don haka da wuri ake tashi. Yana tsugune a zaure yana gyaran sarƙar kekensa, ta leƙo da wata jakar fata a hannu.

"Malam Boko, ajiye keken nan ka wanke hannu. Yayanka ya bar maka aiki."

"Kullum aiki. Ba a taɓa bar mini nama ba."

"Ka yi aure a bar maka. Fom ne na ofis, ya ce ka cike masa kafin shi dawo. Wai farar takarda ce mai layi-layi. Na buɗe akwati na iske duk farare ne, duk masu layi-layi, sai na kwaso da jakar gaba ɗaya."

Taiba matar Hashimu ce, ɗan baffan Sallau, wanda ya girme shi da shekara ɗaya. Hashimu ne mai duba ma'aunin ruwa a ofishin aikin noman rani. Yana da kujera, yana da babur. Duk rahoton Turanci da ya taɓa kaiwa ofis, Sallau ne ya rubuta masa.

Sallau ya goge hannu ya zazzage jakar. Fom ɗin ya faɗo. Katin asibiti ya faɗo. Sai ita.

Tun kafin ya warware ya gane ta: takardar gama firamare ce. Kusurwarta ta dama a ƙone take, inda fitila ta lashe ta shekarar da ya kawo ta gida, 1974. Ga sa hannun hedimasta da koren tawada. Ga suna: Hashimu Mamuda.

Sunan bai ba shi mamaki ba. A 1967 dogarin hakimi ya zo Tungar Gawo ya ce Malam Mamuda ya ba da ɗa ɗaya a sa shi boko. Malam yana da tsangaya, bai ga yadda ɗansa zai ajiye allo ya ɗauki fensir ba. Sai ya tura marayan ƙanensa a madadinsa. Gidaje da yawa haka suka yi. Shekara bakwai Sallau yana amsa Hashimu Mamuda a makaranta, ya dawo gida ya amsa Sallau.

Bayan takardar ne ya tsayar da shi. Akwai hatimin ofishin aikin ruwa, da kwanan wata: 13 ga Maris, 1978.

Ruwa bai shiga Tungar Gawo ba sai watan Agusta.

Ya ƙirga da yatsa. Wata biyar.

"Lafiya?" in ji Taiba. "Ka yi shiru kamar wanda aka aiko wa da mutuwa."

"Inno na ciki?"

"Tana ɗaki tana tsince shinkafa. Ba ita ce takardar ba?"

"Ita ce."

Jibi Alhamis ake ganawa da masu neman shiga kwalejin horon malamai, a ofishin ilimi na Mafara. Sallau ya cike fom tun watan jiya, da sunan da ke rajistar makaranta. Sau uku yana zuwa, sau uku jami'in yana faɗa masa abu ɗaya: ba takardar gama firamare ta asali, ba shiga. Makon da ya wuce ya taka keke har Maradun, ya ga sunan a rajista, aka ce ba a ba da takarda sau biyu. Kwalejin ba ta ɗaukar wanda ya cika ashirin da biyar. Shekararsa ashirin da huɗu.

Ya yi sallama a ƙofar ɗakin Inno. Ita ce uwar Hashimu, ita kuma ta raini Sallau tun yana wata takwas.

"Sallau ne? Shigo."

Ya durƙusa.

"Inno, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya."

"Ya ruwan?"

"Ruwa shina nan. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya mutanen Birnin Tudu?"

"Suna gaisuwa."

Bai tsallake gaisuwa ko ɗaya ba. Da ya gama, ya ɗora takardar a kan faifai, saman shinkafar.

Inno ba ta san baƙin boko ba, amma ta san ƙonanniyar kusurwar. Hannunta ya tsaya.

"Wa ya ba ka wagga?"

"Ruwa ya maido ta."

"Kada ka yi mini baƙar magana. Ni na goye ka."

"Ba baƙar magana ba ce, Inno. Ke kika ce mini tana cikin akwatin da ruwa ya ci. Makon jiya da zan tahi Maradun na sake tambayarki. Kika ce Allah shi ba da sa'a, kika cika mini gora da fura."

"Na cika."

"Kin san abin da nake nema shina cikin wanga gida."

Inno ta ɗaga kai ta ga inuwa a bayan labule.

"Taiba, je ki duba tukunya."

"Ban ɗora ba, Inno."

"To je ki ɗora."

Inuwar ta gusa. Inno ta sauke faifan ƙasa, ta gyara zama.

"Shekarar da masu awo suka kafa ƙarfe a gonar Malam suka ce ruwa zai wuce nan, ka tuna?"

"Na tuna."

"Aka ce ana ɗaukar ma'aikata. Mai takarda a ba shi kujera, marar takarda a ba shi shebur. Kai kana can wajen kamfanin da ke gina madatsa kana ɗaukar kankare, ba mata ba ɗiya, abin da ka samu ya ishe ka. Hashimu ga mata ga ciki, gona kuma za ta nutse. Na ce da shi, ba sunanka ke kai ba? Ni na buɗe akwati na ba shi. Kada ka ɗora wa Malam, shina kabari. Sai da aka yi wata uku ya sani."

"Da ya sani fa?"

"Kwana bakwai bai ci tuwona ba."

"Sai me?"

"Sai ya ci."

"Bai sake cewa komai ba?"

Ta ɗauki tsakuwa ɗaya daga cikin shinkafar, ta juya ta a yatsa.

"Inno."

"Ranar da zai cika ya ce in maida maka."

"Shekara biyu ke nan."

"Na iya ƙirge." Ta jefar da tsakuwar. "Sallau, sunan nasa ne. Wuri aka aike ka ka riƙe masa."

"Suna nasa ne. Tafiyar mil huɗu kullum tawa ce. Bulalar hedimasta a bayana take, in kina so in tuɓe riga."

"Mutum goma sha ɗaya ke ci daga aikin nan."

"Da ni sha biyu. Ban manta ba."

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Aka ji muryar Taiba ƙasa-ƙasa a tsakar gida, sannan takun sauri. Hashimu ya ɗaga labule ba sallama. Kaftaninsa fari ne, an yi masa guga, da biro biyu a aljihu.

"Ba ni."

"Ba ka gaida Inno ba, Yaya."

Hashimu ya rusuna ya gaida uwarsa a gurguje, idonsa yana kan faifan. Sallau ya riga ya ɗauke takardar.

"Sallau, ba lokacin wasa ba ne. Tun da soja suka hau ake tantance ma'aikata. Namu jibi ne, ƙarfe goma. Kowa ya je da takardarsa ta asali. Wanda bai kawo ba, a ranar zai ajiye makulli."

"Jibi."

"Awo, Alhamis."

"Ni ma Alhamis."

"Ƙarfe nawa?"

"Tara."

Hashimu ya saki numfashi.

"To ai da sauƙi. Ka shiga ka nuna, ina bakin ƙofa da babur, ka miƙo mini in wuce."

"Ba nunawa ake yi ba. Karɓa suke yi su sa a fayil, sai ka gama karatun."

"Shekara nawa?"

"Biyar."

"Biyar." Hashimu ya yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Kai da gemunka za ka zauna aji da sa'o'in ƙannenka? Gajeren wando fa suke sawa."

"Zan sa."

"Ka bari sai baɗi. A gama wagga tantancewa, in ba ka da hannuna."

"Baɗi na cika ashirin da biyar."

"A rage maka shekaru. Kowa haka yake yi."

"Da sunanka na yi karatu. Da shekarun wa kuma zan koma?"

Hashimu ya zauna a bakin gadon Inno. Ya sauke murya.

"Ka ji. Ana neman masinja a ofishinmu. Na riga na fara magana. Ka bar rana, ka bar keke, ka shigo inuwa. Nan da shekara biyu ka zama akawu, tunda ka iya rubutu."

"Da wace takarda?"

Hashimu ya taɓa biron da ke aljihunsa.

"Yaya, shekara biyar ina murza ƙarfe. Hagu da asuba, dama da hantsi. Jaki in aka koya masa zai yi. Ban taɓa kawo maka kuka ba, don na ɗauka ruwa ne ya cuce ni, kuma ba a ƙarar ruwa. Kowane ƙarshen wata ka zauna kusa da ni a zaure ina rubuta maka rahoto, kana cewa rubutuna da kyau. Ashe ka san a kan takardar wa kake zaune."

"Kana tsammani ni na zaɓa?"

"Wa ya kai ta ofis?"

"Ba wannan nake nufi ba. Ranar da dogari ya zo, ka san inda nake? Cikin rumbu. Kwana biyu Malam ya rufe ni da dawa. Ina ji aka ɗinka maka riga, ina ji aka saya maka fensir. Ni na so zuwa, Sallau. Ba wanda ya tambaye ni, kamar yadda ba a tambaye ka ba."

"Hashimu," in ji Inno.

"Bari in faɗa, Inno. Shekara shida ina kan kujera. Duk wanda ya miƙo mini takarda, gabana faɗuwa yake. Biron nan biyu, ɗaya ma ba tawada a ciki. In Baturen injiniya ya shigo, ban ɗaki nake shigewa. Ka ɗauka daɗi nake ji?"

Sallau ya dube shi. Bai taɓa jin maganar rumbun ba.

"Na ji," ya ce. "Amma kai kana da kujera kana jin tsoro. Ni tsoron ma ban samu ba."

A tsakar gida tabarya ta buga sau biyu ta tsaya.

Takardar tana hannun Sallau. Ya fi Hashimu ƙarfi, ƙofa kuma a bayansa take. In ya sa ta a aljihu ya fita, ba mai karɓa. Ya naɗe ta a kan tsoffin layukanta, ya matsa, ya buɗe tafin hannun Inno ya sa mata.

"Daga akwatinki ta fita. Baffa ya faɗa miki inda za ki kai ta."

"Sallau, kada ka ɗora mini wannan."

"Ba ni na ɗora ba."

Ya juya ga Hashimu.

"Alhamis ƙarfe takwas ina ofishin ilimi. In ta zo, alhamdu lillahi. In ba ta zo ba, zan shiga hakanan. Zan ce sunana Sallau Tukur, ni na yi aji bakwai da sunan yayana. Su ba ni lissafi, su ba ni Turanci, su gwada ni."

"Ka san in ka faɗi haka, kafin azahar maganar ta kai ofishinmu?"

"Na sani."

"Ka kashe ni ke nan."

"Ban taɓa ka ba, Yaya. Fom ɗin shina zaure. Zo in cike maka."

Hashimu ya ɗauka gatse ne. Ba gatse ba ne. Sallau ya koma zaure, ya ɗora fom ɗin a kan cinyarsa, ya cike suna, ya cike shekarar haihuwa, da ranar fara aiki, da sunan hakimi. Layi ɗaya ya tsallake.

"Nan fa?" in ji Hashimu.

"Cewa aka yi wace makaranta ka yi. Wannan kai za ka cike."

Ranar Laraba ya buɗe ruwa da asuba kamar kullum, ya rufe da hantsi. Sannan ya zare ƙarfen murza ƙofar, ya kai wa heluman da ke kula da masu ƙofofin Birnin Tudu.

"Mi ya faru? Ya karye?"

"Lafiyarsa lau. Na ajiye aiki."

"An ɗauke ka makarantar ke nan?"

"Ba a ɗauke ni ba tukuna."

"To gaggawar mi kake yi? Riƙe shi zuwa Jumma'a ka ga yadda za ta kaya."

"In na riƙe shi, zan dawo."

Heluman ya auna ƙarfen a hannu, ya jingina shi da bango.

"Allah shi taimaka. In ka zama malami, ɗiyana uku suna nan, duk kansu da tauri."

A gida ba wanda ya yi masa magana ranar. Hashimu bai shigo zaure ba. Inno ba ta fito ba. Bayan la'asar Taiba ta kawo masa kwano ta ajiye, ta buɗe murfin da kanta.

"Ga naman da kake ƙorafi."

Tsoka biyu ne a kan tuwon.

"Ni na jawo, ko?" ta ce.

"Aike aka yi miki, kika isar."

"Da na san baƙi, da na zaro guda ɗaya kawai." Ta tsaya tana murɗa bakin mayafinta. "Yayanka bai ci komai ba tun jiya. Inno ta kulle akwati, makullin shina ɗaure a bakin zanenta. Ko salla za ta yi ba ta kwancewa."

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce in yi maka gugar riga."

"Shi fa?"

"Shi ma ta ce in yi masa."

Ranar Alhamis mutum arba'in da ɗaya suka zo ganawar. Aka jera su a kan benci a barandar ofishin ilimi. Sallau ne na ashirin da uku, shi ne kuma babba a cikinsu da nisa. Wani dattijo da ya rako ɗansa daga Morai ya gaisa da shi, ya tambaye shi gida da iyali, sannan ya dubi layin.

"Malam, wanne ne naka?"

"Ni ne."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa.

"To. Allah shi ba da sa'a."

Kowa na riƙe da ambulan. Hannun Sallau ba komai sai fensir. Ƙarfe takwas da rabi ya dubi ƙofar harabar. Ƙarfe tara aka fara kira, ya sake dubawa. Daga na goma sha biyar bai ƙara waiwayawa ba. Ya zauna yana maimaita abin da zai faɗa, daga sunan ubansa har sunan hedimasta.

Na ashirin da biyu ya fito. Jami'in ya leƙo da takardar sunaye, ya gyara tabarau.

"Hashimu Mamuda."

Sallau ya miƙe.

"Na'am," aka amsa daga bakin ƙofar harabar.

Hashimu ne, cikin kaftanin da aka yi wa guga, jakar fatar a hammatarsa. Biron ba sa aljihunsa. Babur ɗinsa yana jingine a bayansa, bai kashe shi ba.

Jami'in ya dubi takardar sunayen, ya dubi Sallau, ya dubi Hashimu.

"Suna ɗaya gare ni a nan. Wanne ne a cikinku?"

Agogon bangon ofishin ya nuna goma saura minti ashirin. Jakar tana rufe.